Eriyar da Ke Kan Benen Yaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki? Inna tana nan ƙalau, sai ɗan ciwon gwiwa.

Takarda na rubuto maka don ba ni da wata hanya, kuma kai ka jawo. Jiya mai gadin gidanka ya hau bene da guduma ya sauke eriyarmu, wai umarninka ne. Ya tsinke waya, farantin ya faɗo ƙasa ya lanƙwashe.

Yaya, wata bakwai muka yi a kan aikin nan na haɗa wa unguwa intanet, mu goma sha ɗaya, duk sa kai. Mai Walda ya rufe shagonsa Asabar huɗu yana haɗa mana ƙarafa. Dogo mai gyaran wuta ya hau rufin gida ashirin, har kwano ya yanke masa hannu, ɗinki biyar. Ni na koyi saita na'urorin, in ɓata in sake. Benenka ne ya fi kowane gini tsawo, daga can intanet ke tsallaka kwata zuwa gidajen baya. Na roƙe ka, da bakinka ka ce to.

Yanzu don wani ɗan hayarka ya ce eriya na sa shi ciwon kai, sai ka sa aka sauke ta, ko ka tambaye ni! Mutumin da ke wuni da waya manne a kunne. Gida talatin sun yanke, har da ɗakin shan magani. 'Yan mata uku sun kasa yin rajistar jarrabawa, kuma jibi ake rufewa. Na kasa haɗa ido da iyayensu.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, amsarka ta iso. Na karanta inda ka ce wasan yara muke yi, kuma mace mai hankali ba ta hawa rufi. Na gode. Da hankalina na hau, da shi na sauko.

Wata tsohuwa mai sayar da ruwa ta ba mu saman tankinta mu kafa eriyar, ko zama ba ta bari mun yi ba balle roƙo. Kwana biyu muka yi a rana, intanet ya dawo. 'Yan mata biyu sun samu rajista. Ta ukun ta makara, sai baɗi. Ka riƙe wannan.

Ka tambayi dalilin da Inna ba ta ɗaukar kiranka na bidiyo, ko wayarta ce ta lalace. Lafiyarta lau. Tana ganin hotonka na haskawa, ta kife wayar a kan tabarma ta ci gaba da jan carbi. Ta ce in gaya maka: "Ya fara ba ƙanwarsa haƙuri, sannan ya ga fuskata."

Tawa wayar a kunne take.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta