Kwalaben da Inna ta zubar

Yaya Sada,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan yi wa faɗa sai kai.

Shekara shida kana hawa duwatsun Batsari da Safana kana kama ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro da ɓaure. Ka ce kowane dutse kamar tsibiri yake, ƙudajensa sun daɗe da rabuwa da na maƙwabcinsa, kuma jerin ƙwayoyin halittarsu zai nuna wane ne kakan wane. Ni na fahimta, ko da yake na sha yi maka dariya. Inna fa? Ka taɓa zama ka yi mata bayani? Abin da ka iya shi ne ka ce mata aikin makaranta ne, ka ja ƙofa.

To ga labarin gida. Ana gobe za a fitar da kayanka don rabon gado, Inna ta shiga ɗakinka na Wagini ita kaɗai. Ta tarar da akwatin kwalaben nan, ta buɗe ɗaya, ta ji warin sinadarin da kake jiƙa ƙudajen a ciki don kada su lalace. Ta ɗauka giya ce. Ta kwashe su duka ta juye a masai, ta wanke kwalaben tas har takardun jikinsu, don kada kawunnai su gani.

Malaminka na jami'a ya kira ni sau uku. Ya ce rabin ƙudajen ba a kai ga ciro jerin nasu ba, kuma duwatsun Safana guda biyu yanzu ba mai iya zuwa saboda rashin tsaro. Na ce masa ina dubawa. Ƙarya na yi.

Jiya Inna ta ja ni gefe ta ce ta rufa maka asiri, kullum tana roƙa maka gafarar shaye-shaye. Ka ga inda ka bar ni? In yi shiru, ɗanta mashayi ne. In yi magana, da hannunta ta zubar da wahalarka.

Gobe zan gaya mata. Ƙudajen sun riga sun tafi, sunanka ne ya rage. Bayanin da ka ƙi yi cikin shekara shida, ni zan yi shi, kuma ni zan ga fuskarta.

Allah ya jiƙanka, ya kai haske kabarinka. Har yanzu ban huce ba.

Ƙanwarka,
Hindatu