Muryar Kakanka a Cikin Waya

Tudun Wada, Gombe.
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Mu'azzam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka Fatiha da yara. Allah ya tsare ku daga sanyin ƙasar Ingila, ya yi wa aikinka albarka, ya raya muku zuri'a. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya sauka sosai bana, har kwarin da ke bayan gidanmu ya ƙara cin ƙasa, saura ƙiris ya haɗiye turken akuyar goggonka. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta, ba ta warke ba, ba ta kuma kwantar da ni ba. Bikin ƙanwarka Nana Hadiza saura mako uku, telan Pantami kullum sai ya rantse gobe zai gama ɗinki. Kakarka Dada ce kaɗai ba zan ce maka tana lafiya ba, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Na kira ka sau biyu a waya, da na ji muryarka sai na kashe, don abin da ya taso mini a baki ba zai gyara komai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Jacinta, 'yar maƙwabcina Malam Gilbert, za ta kama hanyar Abuja gobe, jibi tana garinku a bakin aikinta na asibiti. Ita za ta miƙa maka hannu da hannu. Na ce kada ta sha ko ruwa a gidanka sai ta ga ka buɗe ka fara karantawa.

Ka tuna zuwanka na bara, da ka zauna a zaurena kana lallaɓa ni a kan kaset-kaset ɗin marigayi kakanka. Guda tara ne. Ni na ɗauke su da rediyona tun ina saurayin malamin firamare, lokacin da tsohon ke zama a kan buzu bayan la'asar yana ba mu labarin yadda suka taso da shanu daga wajen Dukku, da shekarar da ciwo ya share musu garke, da tatsuniyar kurar da ta yi hayar jaki. Ka ce adana su za ka yi a kwamfuta kada zaren ya tsinke. Na ba ka biyu. Ni adanawar da na sani ita ce a sa abu a akwati a rufe, ranar da aka buɗe a same shi yadda aka bar shi. Ban san a wurinku adanawa tana nufin a koya wa mamaci sabuwar magana ba.

Ranar Laraba da ta wuce da hantsi muna zaune da Malam Gilbert a gindin dogon yaron ƙofar gida, sai waya ta yi ƙara, saƙo ya shigo zauren iyali na Watsaf. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu, na miƙa masa ya danna. Sai na ji gyaran murya. Wallahi Mu'azzam, kafin in san abin da nake yi na sauke ƙafata daga kan benci na gyara hula. Ubana ne, da shaƙewar nan tasa, da yadda yake jan Hausa tana karkata wajen Fillanci. Ya yi sallama. Ya sa wa auren Nana Hadiza albarka, yarinyar da aka haifa shekara shida bayan mun binne shi. Ya ce Bamanga ɗansa na fari, wato ni, ya riƙe zumunci. Daga nan ya kira Dada da sunanta na yanka, har sau biyu, ya ce yana kewarta. A ƙarƙashi kuma ka rubuta wai kyautar biki ce, a sa a lasifika ranar walima kowa ya ji, ka manna hoton zuciya ja.

Malam Gilbert ya yi shekara talatin yana koyar da kimiyya a sakandare, yanzu ba shi da aiki sai karanta labarai a waya yana karanta mini da ƙarfi ko ban tambaya ba. Shi ya yi mini bayani cewa wannan ita ce ƙirƙirarriyar basirar da rediyo ke ta surutu a kai. Wai in ta ji muryar mutum na minti ɗaya, shi ke nan ta mallake ta. Shi abin burge shi yake yi. Kullum sai mun yi gardama. Ya ce za ta gano cuta kafin likita, za ta koyar da yaran ƙauye, za ta gaya wa manomi ranar shuka. Ni kuma in ce masa wutar lantarki ta yi kwana huɗu ba ta leƙo Tudun Wada ba, a fara gaya mana ranar da za ta dawo. Watan jiya na je tantance 'yan fansho, na ɗora babban yatsana a kan injinsu sau uku, sau uku yana cewa ba ni ba ne. Na shafa mai, na goge da riga, na tofa yawu, ya ce ba ni ba ne. Ga ni tsaye da raina da katina a hannu inji ya kasa gane ni, amma ɗan'uwansa ya bi ubana har kabari ya fito da shi yana jawabin biki. Haka lokacin zaɓe, aka riƙa yawo da bidiyon mutane suna faɗin abin da ba su faɗa ba, masu shayi da masu Keke Napep suna rantsuwa sun gani da idonsu. A zamaninmu maƙaryaci sai ya zo da fuskarsa, a dube shi a ce ai ɗan gidan wane ne, a rage kashi biyu cikin ukun maganarsa. Yanzu kun ba shi fuskar wani da maƙogwaron wani, kuna kiran abin ci gaba.

Amma ba gardamar duniya ta sa na rubuta ba. Ta gidanmu ce. Kana ɗan shekara huɗu kakanka ya rasu, a makarantar kwana ka girma, daga can sai jirgi, don haka bari in gaya maka abin da ya kamata a ce ka tambaya kafin ka taɓa kwamfutarka. Shekara arba'in tsohon nan ya zauna da Dada, bai taɓa kiran sunanta ba. Ko sau ɗaya. In yana son magana da ita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya, ko ya tambayi iska ko akwai mutane a ciki. Ita ma haka, har yau mutumin nan take ce masa. Ni kuwa ɗan fari ne, sunana bai taɓa hawa harshensa ba. Ƙanena, ubanka, shi tsohon yakan kira shi da suna, ya ɗauke shi, ya ba shi nono a ƙwaryarsa. Ni kuwa wancan yake ce mini. Ranar da aka gaya masa na ci jarrabawar kwalejin malamai, sunkuyawa ya yi yana duba kofaton saniya. Amma da zazzaɓi ya kwantar da ni a asibiti, a ƙasa ya tako tun daga ruga, ya tsaya a bayan taga kwana biyu yana tambayar masu jinya yaya jikin yaron da aka kawo daga wajensu. Bai shigo ba. Kunyarmu ke nan, kuma a cikinta ƙaunarsa take. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ake ce wa 'yata Ummi, alhali ba shi ne sunanta ba? Sunan Dada gare ta. Ka duba takardar nan daga sama har ƙasa, ba za ka ga sunan uwata ba. Kai na san inda ka samo shi, a katin shaidarta da ka ɗauki hotonsa bara.

Nawa ba zan yi doguwar magana a kai ba. Shekara sittin da tara ban ji sunana a bakinsa ba, ban kuma nema ba. Ka sa na ji shi a bakin titi, a gaban maƙwabci, mai rake yana wucewa da baro.

To, ga abin da kyautarka ta yi. Nana Hadiza, don murna, ta ruga ɗakin Dada ta kara mata wayar a kunne. Ban ga laifinta ba, yayanta mai ilimi ne ya turo. Dada ta saurara har ƙarshe, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango. Bayan azahar ta aika a kira ni. Ta ce ta ji saƙo. Ta ce mutumin nan ba zai kira sunanta don bikin jika ba. Wanda ya yi shiru shekara arba'in a duniya da talatin a ƙasa, in ya buɗe baki ya kira ta sau biyu, to kira ne, kuma ita ba ta taɓa barinsa tsaye a bakin ƙofa ba. Tun ranar kunu cokali uku ko huɗu take sha ta ture kofi. Ta raba ƙoren nononta masu zane da ta yi shekara hamsin tana hana kowa taɓawa. Ta ba goggonka carbinta. Ta ce in je kasuwa in yanko mata likkafani, kada in tsaya sai ranar ta zo a yi ta gaggawa. Ta kira amarya ta nemi gafararta, wai ba za ta ga ranar ba.

Kada ka ɗauka mun zauna ne. Na ce mata inji ne, ta tambaye ni ko inji ya san inda mutumin yake tsayawa ya yi tari. Malam Gilbert ya shigo da tabarau da bayani, ya yi rabin awa yana kwatance da hannu. Ta saurare shi da girmamawa, ta sa aka ba shi goro, bayan ya fita ta ce mutumin kirki ne, amma bai taɓa zama da mai muryar ba. Na ɗauko liman, ya gaya mata matattu ba sa magana. Ta ce ai ta sani, shi ya sa abin ya zama babba. Likita ya auna ta ya ce ba ta da ciwon komai, amma mai shekara tamanin da shida in ta daina ci ba ta buƙatar ciwo. Kai kuma da labari ya kai maka, ka goge saƙon, ka rubuta a yi haƙuri ba ka yi nufin haka ba, ka manna hoton hannuwa biyu a haɗe. Ka goge a waya. A kunnenta fa, wa zai goge?

Na yi kwana shida ina juya abin, ga inda na tsaya. Dada ba ta yarda da bayani. Ko saniya za a saya ba ta jin ta bakin dillali, sai an buɗe bakin dabbar ta ga haƙora. Saboda haka za ka nuna mata ƙaryar ido da ido, kuma da abin da ka ɓata da shi za ka gyara. Wayarka cike take da saƙonnin faɗa da na sha tura maka, muryata ba za ta yi maka wuya ba. Ka ba injinka ita. Ka sa ya yi magana da bakina, ka turo wa Nana Hadiza ita kaɗai, ba zauren iyali ba, kafin azahar ta ranar Asabar. Zan zauna a tabarma a gaban Dada, goro a kumatu, leɓena a rufe, hannuwana a kan gwiwa, a kunna ta ji ɗanta yana magana daga waya alhali ga shi zaune bai motsa baki ba. Kada ka sa aya a ciki, kada ka sa addu'a, kada ka kuskura ka sa sunan kowa sai naka. Ka sa ya ce Mu'azzam yaro ne mai hankali, Baffansa yana alfahari da shi. Dada ta san ni tun kafin in san kaina. In ta ji wannan magana da muryata a cikin wannan watan, ba ta buƙatar liman ko malamin kimiyya, za ta gane injin maƙaryaci ne, in Allah ya so ta nemi tuwo.

Bayan nan ka kira ta da bakinka, ka gaya mata kai ne, ka tsaya ka ji duk abin da za ta faɗa maka ba tare da ka ce sabis ya ɗauke ba. Sannan ka share muryata da ta ubana daga duk inda ka ajiye su. Kaset biyun nan ka ba Jacinta ta dawo mini da su in za ta zo Kirsimeti. Sauran bakwai ɗin kada ka ƙara tambaya. In kuwa Asabar ta wuce Dada ba ta ci ba, ka nemi jirgi ka taho, amma ka sani ba kayan biki za ka sa ba.

Ka gaishe mini da Fatiha, ka ce mata ban haɗa da ita ba. Ka shafa mini kan yara. Ka gai da abokinka Bernard da kuka zo tare bara, mai son fura. Goggonka tana gaishe ka, Ummi ma haka. Nana Hadiza ta ce kada in rubuta gaisuwarta. Malam Gilbert yana gaisuwa, wai in tambaye ka sunan manhajar da ka yi aikin da ita, na ce masa ya rufa wa kansa asiri. Dada ba ta ce a gaishe ka ba. Ta ce a gaya maka ta yafe maka duniya da lahira, kamar yadda take gaya wa duk wanda ya leƙa ɗakinta kwanakin nan.

Allah ya ba ka hankalin da makaranta ba ta ba ka ba.

Baffanka,
Bamanga.