Taƙi Ɗaya da Layin Dogo

Asabar, 29 ga Janairu, 2000
Shari'a ta shigo, karta ta fita. Rumfar da muke bugawa bayan tashar jirgin Ƙaura an mai da ta wurin alwala. Aminina Sanusi direba yana yawo kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ni kuwa na zaro tsohon littafin lissafina na jami'a daga ƙarƙashin gado, gara ta cinye gabatarwar. Ta fi ni himma.

Laraba, 9 ga Fabrairu
Innalillahi. Ɗige-ɗigen da ke cikin layi mai tsawon taƙi ɗaya, yawansu daidai yake da na layin dogo daga nan har Legas. Kowane ɗigo da abokinsa, babu rara. Na rubuta wannan a jarrabawa ina saurayi, har na ci. Ashe ban taɓa jin abin da yake faɗi ba.

Juma'a, 18 ga Fabrairu
Adadi marar iyaka ma wani ya fi wani girma! Na bi hujjar ina neman inda aka cuce ni. Babu. Saratu ta ce, "Maigida, tuwon ya huce, kai kuma kana harara bango."

Alhamis, 24 ga Fabrairu
Sanusi ya ɗauke ni zuwa kasuwar Shinkafi. A hanya na yi masa bayanin ɗigo. Ya ce, "Malam, in Legas da taƙi ɗaya ne, mi ya sa nike shan mai?" Sai ya rage murya: sun samu wani zauren buga karta a Moriki, ranar Lahadi, ba mai gani. Mutum huɗu ake so. "In ba ka zo ba, kujerar ba ta jira."
Tun muna samari nake zama damansa.

Lahadi, 27 ga Fabrairu
Na sa hula, na sa takalmi. Na ce bari in duba layi ɗaya a littafin. Na ji hon ɗin motar Sanusi a ƙofa, ya yi ta dannawa. Na aika a ce ina zazzaɓi.

Lahadi, 5 ga Maris
Sun sa wani mahauci daga Dauran a kujerata. Sanusi ya wuce ni a tasha, hannu kawai ya ɗaga. Ya kamata abin ya yi mini ciwo, kuma ya yi, har zuwa la'asar.
Gobe zan tambayi mai zuwa Zariya ko ana samun littafi na biyu. Don dai in ga ƙarshen rainin hankalin.