Gaisuwar Damana da Na Ƙi Amsawa

Filinge, Oktoba 1991

Zuwa ga Habsa, ruwan fari bayan bazara, inuwar gawo a tsakiyar rani, sanyin sabuwar randa, ke da in kin shigo dispanser har marasa lafiya kan gyara zama!

An ce takardar afektasiyonki, ta canjin wurin aiki, ta fito, kuma ran Lahadi, in kasuwa ta watse, za ki hau mota zuwa Gaya. Na san ke kika nemi a kai ki. Na kuma san wanda ya kore ki. Ni ne.

Kin tuna ranar da kika zo kolej yi wa yara allurar rigakafi, kika tsaya a tagar ajin katiriyam ina ta ɗaga murya a kan Jamusawa? Ƙasashe talatin da tara, kowacce da sarkinta da shingen duwan ɗinta na karɓar kuɗin fito, amma harshe ɗaya! Ina faɗa wa yara yadda ɗalibai suka ɗaga tuta, suka rera waƙoƙi, yadda aka cire shingaye fatake suka wuce. Da aka tashi kika yi mini dariya, kika ce da Jamusawa sun ji ni da sun ba ni mata. Wayyo, wannan dariya! Tun ranar alli bai ƙara zama daidai a hannuna ba.

Sai karatun ya hau mini kai. Da sojan da ke mulkin ƙasarmu suka sassauta, bakin kowa ya buɗe, muka kafa ƙungiyarmu ta Hausawan ƙasar Kurfai, muka rantse ba za mu ƙara amsa kowa da wani yare ba sai Hausa. Ni na rubuta rantsuwar, ina ganin kaina ɗalibin Jamus.

Da wannan rantsuwa a baki na je garin Damana gaida Innarki, abokaina biyu na biye da ni. Ta shimfiɗa mana sabuwar tabarma. Ta kawo ƙwaryar kopto, ganyen da ta kwaɗa da hannunta, ta yi mini maraba da Zabarmanci, tana sa mini albarka. Ni da nake cinikin rago da Zabarmanci a kasuwar Balleyara, na dubi abokaina, na juyo gare ki na ce ki fassara mini. Habsa, ina hankalina ya tafi? Inna ta ja kallabinta, ta tura mini ƙwaryar kusa, ta shiga ɗaki. Ke kuwa ba ki fassara komai ba, har yau.

Wannan mako na kai ƙarshen darasin, wanda da nakan bi ta kansa da sauri. A 1848 masu ilimin Jamus suka taru a Farankufor don su haɗa ƙasa. Shekara guda suna gardama: wane ne Bajamushe, wane ne ba shi ba? A shigo da ƙasar Otirish da dukan yarukanta, ko a bar 'yan'uwa a waje? Duk inda suka ja layi, sai ya bi ta cikin gidan wani. Sarkin da suka miƙa wa sarauta ya ƙi karɓa, soja suka watsa sauran. Ina rubuta wannan a allo, hannuna ya tsaya. Nawa layin ta kan tabarmar Innarki ya bi.

Ya hasken kwarin Dallol, ya zumar bakina, me zan yi da harshen da ba zai kira ki ki waiwayo ba? Gero ya nuna a Kurfai, kowa na ɗaurin dami, ni kaɗai nake girbin abin da bakina ya shuka. Kewarki ta hana ni ci. Ina kuka, ban ɓoye ba.

Na fita daga ƙungiyar jiya. Ban ce ki yaga takardarki ba, ban isa ba. Abu ɗaya nake roƙo: ran Lahadi, in mota ta kawo mararrabar Damana, ki sauka ko na sa'a guda. Za ki tarar da ni durƙushe a ƙofar Inna, ni kaɗai, ba takalmi, ina amsa gaisuwar da ta yi mini wata uku da suka wuce, da harshen da ta yi ta. In ta yi kamar ba ta ji ba, zan jira. Ni na fara.

Ko kin sauka ko kin wuce, ni naki ne har a sa ni a ƙasa. Ga kalmar so da harshen Inna: Ay ga ba ni, Habsa. Wannan ba sai an fassara miki ba.

Naki,
Ibrah