Ni Na Yi Lodin, Bakanike Ya Rasa Hannu

Assalamu alaikum mai kula da shafi da duk masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni direban a-kori-kura ne a Kafanchan, shekara goma sha ɗaya ina kwaso citta da doya daga ƙauyukan Kagoma zuwa kasuwa. Mu a tasharmu da ido ake auna lodi: in gindin mota bai zauna ba, to da saura. Shi ya sa kowa ke ƙara sifirin a baya don mota ta miƙe kamar ba a ɗora mata komai ba. Ni falle biyu na ƙara kowane gefe, na kuma sa mai walda ya liƙa mini ƙugiya ina jan ƙaramar tirela. Ina da zuciya, ba zan ɓoye muku ba, na tsani a gaya mini yadda zan yi da motata.

Bakanikena dattijo ne, bari in kira shi Oga Bitrus. Ranar da abin ya faru, da safe ya canza mini birki, sabo fil, da hannuna na fasa kwalin. Da ya gama sai ya buɗe ƙofar direba, ya goge wani ɗan allo da ke jikin ginshiƙin da babban yatsansa.

Ya ce, "Direba, ka ga wannan lamba? Shi ne iyakan abin da motan zai ɗauka, har da kai, har da fasinja, har da nauyin da tirela yana dannawa a baya. Na kayan da zai ja a baya kuma lamban shi daban, kuma tirelan ka ba shi da birki."

Na ce, "Haba Oga, ai na ƙara sifirin."

Ya ce, "Sifirin yana ɗaga kaya ne kawai. Birki bai san ka ƙara sifirin ba."

Na kwashe da dariya, na ce waɗanda suka rubuta allon ba su taɓa ganin kakar citta ba. Daga ni sai shi a wurin.

Da azahar na jera buhunan citta har suka wuce kan mota, na cika tirela da doya, mai kayan kuma, wata manomiya da zan kira Mama Saratu, ta haye saman buhunan kamar yadda mata ke yi don kada kayansu su ɓace musu da gani. Muna shiga gangara na ji tirelar tana tura ni. Na taka birki, na sake takawa, ƙauri ya cika motar, ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Tirelar ta yi wutsiya, ta fizgi bayan motar, muka kife. Ni goshi kawai na fasa. Mama Saratu kuwa gefen motar ya danne mata ƙafa, tana kiran Yesu, doya na gangarawa ta kanta. A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa.

'Ya'yanta uku, ƙarti majiya ƙarfi, suka same ni a harabar asibitin. Babban ya shaƙe ni da kwalar rigata, ya kwaɗa mini mari har na ga wuta. Kun san abin da ya fito daga bakina? Cewa na yi, "Wallahi ba ni ba ne, Bitrus ne ya sa mini tsohon birki ya ce sabo ne." Ba wanda ya yi zancen lodi, tunda kowa haka yake lodi. Ni na shige musu gaba har garejin Oga Bitrus, kuma don su yarda da ni, ni na fara duka. Na ɗauki sifanar taya na kai masa a ka, ya tare da hannun dama, na ji ƙashin ya yi ƙas. Ya faɗi cikin baƙin mai, suka rufe shi da ƙafa, suna tattaka shi, jini na fita ta baki da hanci, ni ma ina ciki ina harbi kamar jaki. Wane irin mutum ne ke yin haka ga wanda ya gargaɗe shi? Bai yi ihu ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Direba, kai?"

Wata huɗu ke nan. Hannun ya ɗinke a karkace, yatsun ba sa riƙe ko cokali. Ba mai kai masa mota, a tasha "Tsohon Birki" suke kiransa. Ni kuwa Mama Saratu har addu'a take mini, wai Ubangiji ya tsare ni daga mugayen bakanikai. Duk sanda ta faɗa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Shekaranjiya Oga Bitrus ya same ni a bakin kasuwa ina sauke kaya. Ya zagaya motar, ya durƙusa, ya ƙirga sifirin da hannun hagu.

Ya ce, "Har yanzu ba ka cire ba."

Na ce, "Oga, me ya sa ba ka gaya musu gaskiya ba?"

Ya ce, "Na gaya musu. Wa zai ji ni? Kai kaɗai ka ga kwalin."

Jibi Asabar za a zauna gaban mai unguwa. 'Ya'yan Mama Saratu sun ce sai an kore shi daga filin garejin, kuma ni suka sa shaida. In na maimaita ƙaryar, dattijon nan ya rasa hannu ya rasa wurin cin abinci. In na faɗi gaskiya, na san abin da ƙartin nan uku ke yi wa mutum, tare muka yi. Ina da mata da yara huɗu. Daren jiya na kwance sifirin ɗin na jefar, amma wannan bai mayar wa kowa ƙafa ko hannu ba.

Jama'a, jibi ne zaman. Me zan yi?