Turaren da Ya Shiga Kaset Ɗin Baba

Laraba da dare, Janairu 1977

Yau na kai rakoda Sabon Gari wajen Emeka mai gyara. Kwana uku ke nan kaset ɗin da Baba ya aiko daga Makka kafin rasuwarsa yana ja, muryar ta yi kauri kamar ba tasa ba.

Emeka ya liƙe wata waya, ya canja bel ɗin da ke juya kaset, jan bai daina ba. Sai ya sansana kaset ɗin. "Malam, wa ya zuba masa turare?"

Inna ce. Kullum sai ta shafa masa turaren Baba kafin ta naɗe shi a rawaninsa.

Emeka ya goge zaren kaset ɗin da auduga, ya kwafe mini a sabon kaset. Gaisuwar ta fito tas. Wurin da Baba ya ambaci sunan Inna ne ya shafe, don a nan take tsayar da shi kullum, nan maiƙon ya fi taɓawa. Wannan ba zan taɓa gaya mata ba.

Da na dawo gida, Inna ta saurari sabon har ƙarshe, sannan ta miƙo hannu. "Ba ni tsohon."

Na ba ta. Har yanzu ƙamshin yana hannuna.