Numfashin da Ke Cikin Firinta

Keffi, Jihar Nasarawa.

Zuwa ga Yaya Izzuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Madina, Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku a can Fatakwal. Mu nan kalau muke. Jannat ta fara tafiya, ƙafar Baba kuma ta yi sauƙi har yana fita masallaci.

Yaya, maganar Umma ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun rasuwar Yaya Zailani ni ke riƙe da shagonsa na hanyar jami'a, inda muke buga wa ɗalibai takardu. Wata Juma'a da rana tsaka, layin ya yi tsit, ina zaune ni kaɗai, sai na ji ana jan numfashi a bayana da ƙyar, a tsaya, a sake ja. Wallahi irin na Yaya Zailani ne sak, lokacin da asma ta taso masa. Na waiga, ba kowa sai firintar da ke kan tebur, ashe daga cikinta numfashin ke fitowa. Kuskurena da na ba da labarin a gida. Washegari Umma ta sa mayafi ta biyo ni, ta ja kujera kusa da injin, ta rufe ido. Daga nan kullum sai ta zo. Carbinta kawai take ja, in numfashin ya tsaya hannunta ma ya tsaya.

Injin kuwa sai zafi yake, har ƙaurin roba na tashi. Na kira Natan, mai gyara ɗan Garaku. Da ya buɗe, ya nuna mini 'yar fankar da ke sanyaya cikin. Ya ce ƙarfin wutar da take buƙata ashirin da huɗu ne, a bayanta ma an rubuta, injin kuma sha biyu yake ba ta, shi ya sa take juyi tana sarƙewa. Da akasin haka ne, in ji shi, da tuni ta ƙone. Ya ce in ba a sa wadda ta dace da wutar ba, injin gaba ɗaya zai tafi. Marigayin ne ya sa ta da hannunsa, dab da zai kwanta jinya.

Na rasa yadda zan yi, don da wannan injin muke ci. Rigakafi ya fi magani, na ce ya canza. Da Umma ta zo, ta zauna ta kasa kunne, iska na fita sumul ba tangarɗa. Ta daɗe. Sannan ta miƙe ta ce alhamdulillahi, yau dai ƙirjinsa ya buɗe, ya samu barci. Ba ta sake zuwa ba, kuma ban iya gaya mata gaskiya ba. Tana cin abinci yanzu, ita da tun rasuwar ba ta cin na kirki. Don Allah ka kira ta, amma kada ka yi mata zancen fanka.

Ka gaishe da Anti Madina da Akram. Baba da Idris suna gaishe ku. Ka sa Yaya Zailani a addu'a.

Ƙanwarka,
Hamdiya